Leza Za Ta Buɗe Mini Hanyar Fitsari, Amma Me Za Ta Tafi Da Shi?

Assalamu alaikum Malam. Shekarata 63, kuma yau shekara huɗu ke nan ina fama da fitsari. Sai na tsaya ina jira kafin ya fito, in ya fito kuma siriri ne, yana yankewa, in na gama sai in ji kamar ban gama ba. Da dare nakan tashi sau huɗu, wata rana biyar. Likita ya ce furostet ɗina ce ta girma, ya ɗora ni a kan tamsulosin, daga baya ya ƙara mini finasteride. Da farko na ji dama. Wata biyu da suka wuce fitsarin ya ƙi fita sam, sai da aka kai ni asibiti cikin dare aka sa mini roba, na yi mako guda da ita. Sikanin ya nuna furostet ɗin ta kai giram 95. Ina kuma shan maganin tsinka jini saboda zuciya. Yanzu likita ya ce a yi mini aikin leza. Babban ɗana ya ce abin ba komai ba ne, haske ne kawai, ba yanka ba jini. Wani abokina kuwa ya ce duk wanda aka taɓa masa wurin nan ya yi sallama da iyali. Matata da sauran ƙuruciyarta, har yanzu tana fatan mu ƙara haihuwa ko da ɗaya ne, kuma ban gaya mata komai ba. Maganar wa zan bi?

Wani dattijo

Wa alaikumus salam, Baba. Allah ya ƙara afuwa.

Da ɗanka da abokinka, kowa ya riƙo gefe ɗaya na gaskiya ya saki ɗayan. Na lura kuma maganar abokin naka ce ta fi fitsarin hana ka barci, don haka a kanta zan fi daɗewa. Amma bari mu fara da tambayar da ba ka yi ba: shin aikin ma ya zama dole?

Furostet wani ɗan curin nama ne da ke zaune daidai ƙarƙashin mafitsara, hanyar fitsari ta ratsa ta tsakiyarsa. Aikinta samar da wani kaso na ruwan maniyyi. A jikin saurayi nauyinta bai wuce giram 20 zuwa 25 ba, amma takan ci gaba da girma a hankali yayin da shekaru ke tafiya, har ya zama kusan rabin mazan da suka kai 60 tasu ta girma, ko sun ji a jikinsu ko ba su ji ba. Wannan girman ba cutar kansa (ciwon daji) ba ne, kuma ba ya rikiɗewa ya koma kansa, ko da yake mutum ɗaya yana iya haɗa duka biyun. Taka ta ninka ta saurayi kusan sau huɗu. Ka ɗauki tiyo ana bayi da shi, ka damƙe shi a tafin hannu, ka ga yadda ruwan zai koma. Haka take yi wa hanyar fitsarinka.

Abin da mutane ba su cika sani ba shi ne, mai shan wahalar gaske a wannan lamari mafitsara ce. Ita tsoka ce. Shekara da shekaru tana nishi don ta tura fitsari ta hanyar da aka shaƙe, sai ta yi kauri, ta zama mai saurin firgita, ɗan fitsari kaɗan ya taru ta hau matsa maka. In abin ya daɗe ƙwarai sai ta gaji ta saki, ta daina matsewa yadda ya kamata, kuma mafitsarar da ta kai nan ba kullum take dawowa ba ko an buɗe mata hanya. Daga nan ne tsakuwa ke samun wurin taruwa, ƙwayoyin cuta su samu ruwan da ya kwanta, wani lokaci fitsarin ya koma sama ya danne ƙoda.

Shi ya sa likitocin mafitsara suke da alamun da in sun gani sukan ce lokacin magani ya wuce: fitsari ya tsaya cak, musamman in ya maimaita ko ya faru alhali mutum yana kan magani, ciwon hanyar fitsari da ke tafiya yana dawowa, tsakuwa a mafitsara, jini da ke fitowa daga furostet, ko ƙoda ta fara taɓuwa. Kai kana kan magani biyu, tamsulosin mai sassauta tsokar wurin da finasteride mai rage girman furostet da kamar kashi ɗaya cikin biyar zuwa ɗaya cikin huɗu bayan wata shida zuwa shekara, amma duk da haka aka kai ka asibiti cikin dare. A ganina likitanka bai yi gaggawa ba. Wanda fitsari ya taɓa tsaya masa da furostet mai girman taka, da wuya a ce shi ke nan.

To, sai maganar ɗanka. Gaskiya ne ba a yanka ciki. Ana bi ta hanyar fitsari da wani siririn ƙarfe mai kyamara a bakinsa, a zura zaren leza ta cikinsa. Gaskiya ne kuma jinin da ake zubarwa bai kai na tsohuwar hanyar kankare naman da lantarki ba. Amma kada kalmar haske ta ruɗe ka, tiyata ce sosai. Za a yi maka allurar baya mai kashe rabin jiki ko a sa ka barci gaba ɗaya, za ka farka da roba, kuma akwai rauni a ciki wanda zai ɗauki makonni kafin ya warke. Rashin ganin ɗinki a waje ne ke sa wasu su koma ɗaga kaya bayan kwana uku, sai ga su a asibiti da gudajin jini.

Sannan leza ba iri ɗaya ba ce, kuma wannan shi ne abin da nake so ka riƙe in za ka koma wurin likita. Wasiƙarka ba ta faɗi wace ya ambata ba, kuma bambancin yana da girma ga mai giram 95.

Akwai wadda ake kira GreenLight, mai koren haske. Jan sinadarin da ke cikin jini ne ke shanye wannan hasken, don haka da ta taɓa naman furostet sai ya ƙone ya zama tururi, ƙananan jijiyoyin jinin wurin su toshe a lokaci guda. Wannan ya sa ake son ta ga masu shan maganin tsinka jini irinka. An gwada ta kafaɗa da kafaɗa da tsohuwar hanya a wani babban bincike da aka yi a Turai mai suna GOLIATH, wanda aka fara wallafa sakamakonsa a 2014, aka ga ba ta gaza ba, kuma masu ita sun fi saurin rabuwa da roba da barin asibiti. Inda take da rauni wuri biyu ne. Na farko, tunda naman tururi ya zama, babu abin da za a kai ɗakin gwaji a duba ko da kansa a ɓoye. Na biyu, in furostet ta yi girma sosai, ƙone ta ɗan kaɗan ɗan kaɗan yana ɗaukar lokaci, sau da yawa kuma a bar saura, saurar ta sake girma bayan wasu shekaru a sake komawa.

Ɗayar kuma ita ce HoLEP, mai amfani da lezar holmiyam. Peter Gilling da Mark Fraundorfer ne suka ɓullo da ita a garin Tauranga na ƙasar Niyu Zilan a shekarun 1990. Ita ruwa ne ke shanye haskenta, kuma ba ta kutsawa cikin nama fiye da kamar rabin milimita, don haka yanka take yi, yanka mai tsafta. Likita yana bin layin da ke tsakanin naman da ya girma da ɓawon furostet, ya ɓamɓaro naman gaba ɗaya kamar mai fafe ƙwarya, ya tura shi cikin mafitsara, sannan a sa wata na'ura ta daddatsa shi a zuƙo shi waje. Ɓawon yana nan a wurinsa, cikin ne aka kwashe. Amfaninta shi ne ba ruwanta da girma: giram 40 ko 95 ko 200, duk tana yi, har furostet ɗin da a da sai an tsaga mara kafin a cire. Naman da aka kwaso ana kai shi gwaji, kuma a wasu mutane ta nan ake gano ƙaramar kansa da ba a san da ita ba. Tunda an kwashe kusan duka, waɗanda suke buƙatar sake aiki bayan shekaru kaɗan ne ƙwarai. Akwai kuma lezar tuliyam, wadda ake irin wannan ɓamɓarowar da ita, sakamakonsu kuma ya yi kusa da juna.

Tsohuwar hanyar da nake ta ambata ita ce TURP, inda ake kankare naman da ɗan zoben waya mai lantarki. Kada ka raina ta, ta yi wa maza hidima shekaru da dama kuma har gobe da ita ake auna duk sabuwar dabara. Sai dai ta fi dacewa da furostet mai giram 30 zuwa 80, taka kuwa ta haura.

In ka tambaye ni, ga mai giram 95 wanda fitsari ya riga ya tsaya masa, ɓamɓarowa ta fi ƙonewa. Amma da sharaɗi, kuma sharaɗin ya fi na'urar muhimmanci: hannun mai yi. HoLEP aiki ne mai wuyar koyo, likita kan yi gommai kafin hannunsa ya faɗa. Gara ƙwararre a kan GreenLight, ko ma a kan TURP ta zamani, da ɗan koyo a kan holmiyam. Don haka ka tambaye shi kai tsaye: Likita, wace leza ce? Guda nawa ka yi? A wata nawa kake yi? Mutanenka nawa ne suke ɗigar fitsari bayan wata shida? Ba rashin kunya ba ne. Likitan da ya san hannunsa ba ya jin zafin irin wannan tambaya, wanda ya hau faɗa kuwa ya riga ya ba ka amsa.

Yanzu abokinka.

Abu uku ne mutane suke cuɗawa su kira su da suna ɗaya: tashin gaba, jin daɗi a ƙarshen saduwa, da fitar maniyyi. Kowanne da hanyarsa a jiki. Jijiyoyin da ke sa gaba ta tashi suna bi ne ta bayan ɓawon furostet, daga waje. A aikin cutar kansa, inda ake cire furostet ɗungurungum da ɓawonta, waɗannan jijiyoyin suna cikin haɗari, kuma ina kyautata zaton labarin irin wannan aikin ne ya kai kunnen abokinka. Aikin leza a cikin ɓawon ake yin sa. Mafi yawan maza, yadda ƙarfinsu yake kafin aiki haka yake bayan sun warke. Mai ƙarfi ya ci gaba da abinsa, wanda dama ya yi rauni saboda ciwon sukari ko hawan jini ko zuciya, leza ba za ta gyara masa ba. Akwai 'yan kaɗan da sukan ce sun ragu, akwai kuma waɗanda sukan ce sun ƙaru, galibi don sun samu barci sun kuma daina shan finasteride, wanda shi kansa yakan rage wa wasu sha'awa. Jin daɗin ma yana nan, ko da yake wasu sukan ce ya ɗan sauya.

Na ukun ne abokinka ya yi gaskiya a kansa, kuma ba zan rufe ka ba. A bakin mafitsara akwai wani zoben tsoka da ke rufewa lokacin inzali, don maniyyi ya rasa hanyar baya ya fito gaba. Wannan zoben yana cikin abin da ake buɗewa a aikin. Bayan haka maniyyi yakan bi hanyar da ta fi sauƙi, ya koma cikin mafitsara, ya fito tare da fitsarin da ya biyo baya, har ka ga fitsarin ya ɗan yi gurɓi-gurɓi. Ba ya cutar da mafitsara ko kaɗan. Amma yana faruwa ga kimanin uku cikin huɗu na waɗanda aka yi wa HoLEP, kusan haka yake a TURP, GreenLight ma ba ta tsira ba, kuma in ya faru yawanci ya zauna ke nan. Mai yiwuwa ma ka fara ganin alamarsa tun yanzu, domin tamsulosin yakan rage fitar maniyyi, finasteride ma yakan rage yawansa. Bambancin kawai, na magani yakan tafi in an daina sha.

Ga namijin da ya gama haihuwa, wannan abu ne na sabo. Wasu ba sa damuwa, wasu yana ci musu rai, musamman waɗanda ba a gaya musu ba sai da suka gani da idonsu. Ga kai kuwa magana ce babba, domin in maniyyi ba ya fitowa, samun ciki ta hanyar da aka saba zai yi wuya ƙwarai. Ban ce ba ya yiwuwa sam ba, shi ya sa ba a ɗaukar aikin a matsayin hanyar hana haihuwa, amma kada a gina fata a kai.

Ƙofar ba ta rufe ba duk da haka. 'Ya'yan maraina suna ci gaba da aikinsu, leza ba ta zuwa kusa da su. Ana iya adana maniyyi a daskare kafin aiki, a yi amfani da shi daga baya a cibiyar taimaka wa haihuwa. Ana kuma iya tace ƙwayoyin haihuwa daga cikin fitsari bayan aiki, ko a ɗebo su kai tsaye. Adanawa kafin aiki ta fi sauƙi nesa ba kusa ba. Kafin ma a kai nan, ka nemi a yi maka gwajin maniyyi yanzu, don ku san inda kuke, ita ma matarka a duba nata ɓangaren. Zai zama abin takaici ka ƙi aikin da ƙodarka ke buƙata saboda haihuwar da wataƙila wani dalilin daban ne ya tsayar da ita. Ga wani ɗan abu da ya zo mini: in Allah ya sa ta samu ciki alhali kana kan finasteride, kada ta taɓa ƙwayar da ta fashe ko aka daka, domin sinadarin yana iya shafar halittar ɗa namiji a ciki.

Za ka ji ana ambaton wasu hanyoyi da suka fi kiyaye fitar maniyyi, gara ka ji su daga nan. UroLift wasu 'yan maƙalai ne da ake ɗaure naman da su gefe da gefe, kamar an yaye labule. Rezum kuma tururin ruwa ake tsira wa naman, ya mutu ya motse a hankali cikin watanni. Duka biyun sun fi dacewa da furostet da ba ta kai girman taka ba, ba su kai leza buɗe hanya ba, kuma masu komawa a sake musu aiki sun fi yawa. Akwai Aquablation, mai yanka da ƙarfin feshin ruwa, wadda ke iya ɗaukar babbar furostet, sai dai ta fi leza zubar da jini, kai kuwa kana kan maganin tsinka jini. Akwai kuma toshe jijiyoyin da ke kai wa furostet jini, ta hanyar zura siririyar roba daga cinya ko wuyan hannu, don ta motse. Wannan ta ƙarshen ta cancanci ka tambaya a kanta, tunda ba ta damu da girma ba kuma yawanci tana barin maniyyi yadda yake, amma sauƙin da take bayarwa bai kai na ɓamɓarowa ba, kuma ba ya daɗewa kamarsa. Ciniki ne: duk abin da ya fi kiyaye maka maniyyi, ya fi barin nama a hanya.

Akwai wani abin da ba ɗanka ba abokinka babu wanda ya ambata, kuma shi ne ya fi ba mutane mamaki bayan HoLEP: ɗigar fitsari. Shekaru furostet tana tare hanya, tsokar da ke riƙe fitsari a ƙasanta ta yi sanyi don an ɗauke mata aiki. Rana ɗaya aka kwashe naman, aiki ya dawo kanta. Sai mutum ya yi tari ko ya miƙe tsaye ya ji ya jiƙe. Ga yawancin waɗanda abin ya sama, makonni ne zuwa wata uku, wasu har shida, sannan ya ɗauke. Waɗanda ya zame musu na dindindin ba su da yawa, kamar ɗaya ko biyu cikin ɗari a hannun ƙwararru. Mai babbar furostet da mai yawan shekaru sun fi fuskantarsa. Abin da ke taimakawa shi ne motsa wannan tsokar, kuma tun yanzu za ka fara: ka matse kamar mai riƙe tusa, ka ƙirga biyar, ka saki, ka maimaita sau goma, sau uku a rana. Ba wanda zai san kana yi.

Sauran jinyar ba ta da tsawo. Roba takan fita bayan kwana ɗaya ko biyu, wasu ma a ranar suke komawa gida. Za ka ji zafi-zafi in kana fitsari, da matsuwa, na 'yan makonni. Jini kan ɗan bayyana ya ɓace, ya sake leƙowa wajen kwana goma zuwa sha huɗu lokacin da ɓawon raunin ke faɗuwa. Sha ruwa da yawa da rana, kada ka bari bayan gida ya yi tauri har sai ka yi nishi, ka bar ɗaga kaya mai nauyi da hawa keke ko babur na wasu makonni, kusantar iyali kuma a dakata kamar wata guda ko yadda likita ya ce. In ka ga gudajin jini masu yawa, ko zazzaɓi da rawar ɗari, ko fitsari ya sake tsayawa, asibiti za ka nufa a lokacin. Can gaba, 'yan kaɗan sukan samu tabo ya tsuke hanyar, alamarsa fitsarin da ya yi ƙarfi ya fara sirancewa, kuma ana gyara shi.

Kada in sa maka ran abin da aikin ba zai ba ka ba. Leza gwana ce wajen buɗe hanya: fitsari zai fito da ƙarfin da ka manta da shi, jira da yankewa su tafi. Tashin dare kuwa ya fi taurin kai. Wani ɓangarensa daga mafitsarar da ta saba firgita ne, wannan yakan lafa a hankali cikin watanni. Wani ɓangaren kuma ba ruwansa da furostet sam. Mai ciwon zuciya ruwa yakan taru masa a ƙafa da rana, in ya kwanta ya koma cikin jini, ƙoda ta mayar da shi fitsari. Ciwon sukari, minsharin da numfashi ke ɗaukewa a cikinsa, da maganin sa fitsari da aka sha da yamma, duk suna yin haka. Ka samu kofi mai awo, kwana uku ka riƙa rubuta lokacin da ka yi fitsari da yawansa, dare da rana. In na dare ya wuce kashi ɗaya cikin uku na jimillar yini da dare, to jikinka ne ke haɗa fitsari da yawa da dare, kuma maganin wannan yana wurin likitan zuciyarka. Daga tashi biyar ka koma ɗaya ko biyu, wannan abu ne da ake gani. Barci har asuba ba tare da motsi ba, ba zan yi maka alkawarinsa ba.

Kafin ranar aiki a tabbata an auna ƙarfin fitar fitsarinka da abin da ke saura a mafitsara bayan ka gama, an duba ƙoda, an duba fitsari ko da ƙwayoyin cuta, an kuma yi gwajin jini na PSA, wanda ake neman alamar kansar furostet da shi. Ka tuna wa mai karanta sakamakon cewa kana shan finasteride, domin yana rage adadin da kusan rabi, sai an ninka kafin a san gaskiyarsa. In likita yana shakkar ko mafitsarar ta riga ta gaji, akwai gwajin da ke auna ƙarfin matsewarta. Bayan aiki ma ba a daina bibiya ba, tunda ɓawon yana nan, kuma a ɓangaren waje na furostet ne kansa ta fi fitowa.

Maganin tsinka jinin nan kuwa, kada ka dakatar da shi da kanka ko da kwana ɗaya, ko wa ya ce maka. Likitan mafitsara da likitan zuciya ne za su zauna su yanke ko a ci gaba da shi, ko a ɗaga na 'yan kwanaki, ko a sauya. Zubar jini ana tsayar da ita. Gudan jini a jijiyar zuciya ba kullum yake jira ba.

Saura matarka. Baba, ka gaya mata, kuma kafin a sa rana. Ita ce ke jin tashinka sau biyar a dare, ta kuma ga robar nan mako guda, ba abin da ka ɓoye mata sai abin da ya fi shafarta. In aka yi aikin ba ta sani ba, ta zauna tana ƙirga watanni tana zargin jikinta, ranar da ta gano za ka ga abin da ya fi ɗigar fitsari wuyar gyara. Ka faɗa mata yadda na faɗa maka: zaman aure yana nan, haihuwa ce za ta buƙaci dabara, ga kuma dabarun. Ku je wurin likitan tare, ta yi nata tambayoyin. In kun ga haihuwar ce a gaba, likita zai iya ba ku ɗan lokaci a adana maniyyi, ko ya duba ko ƙoda da mafitsara za su iya jiran 'yan watanni. Abin da ba na so shi ne jiran da ba shi da rana, wanda kunya ce kawai ta kawo shi. Ɗanka ba sai ya ji wannan ɓangaren ba, ya isa ka ce masa aikin ya fi yadda ya ɗauka, kuma za ka buƙaci mai kai ka da mai ɗauko ka.

Kafin lokacin, ka kiyaye abubuwan da ke tsayar da fitsari ba zato. Magungunan mura masu buɗe hanci, irin masu pseudoephedrine, suna ƙara matse bakin mafitsara, tsofaffin magungunan ƙaiƙayi masu sa barci kuma suna kashe mata ƙarfi, don haka duk abin da za a ba ka ka ce kana da matsalar furostet. Kada ka riƙe fitsari ya daɗe, musamman a doguwar tafiya. Rage shan ruwa awa biyu zuwa uku kafin kwanciya, amma ka sha isasshe da rana. In ka gama fitsari ka ɗan dakata minti ɗaya ka sake gwadawa, sau da yawa akwai saura. In kuma akwai maganar cire maka yanar ido nan gaba, ka sanar da likitan ido cewa ka sha tamsulosin, ko da ka daina, domin yana sassauta wani sashe na ido ya wahalar da aikin in ba a shirya masa ba.

In fitsarin ya sake tsayawa kafin ranar, mara ta cika tana ciwo, kada ka jira gari ya waye don gudun tayar da mutane. A mayar da robar a daren, sannan ka kira likitanka da safe a matso da ranar aikin.